Kilishin da Ke Cikin Jakar Yayarku

Kowace Sallah, in kun taru a falona na Greenbelt kun ci kun ƙoshi, sai ɗayanku ya tono labarin nan, wai Momi ta kusa miƙa Yaya ga beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan, a Alaska saboda kilishi. Ku yi ta dariya har da riƙe ciki, jikoki su ce a maimaita musu. Ni ma ina taya ku, don ba ƙarya kuka yi ba. Sai dai abin da kuke bayarwa wutsiyar labarin ce kawai, kansa yana wurina, kuma ba na so in shiga kabari da shi. Sadiq, Amira, ku zauna ku karanta wannan a tsanake. In Hausar ta yi muku nauyi ku nemi mai karanta muku, don ba zan faɗi wannan magana da Turanci ba.

Ni 'yar fari ce a wurin Innata, a Katsina. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in da baƙi kuma "waccan". Ba ta goya ni a gaban mutane ba, ba ta yabe ni ba, in na faɗi na fasa gwiwa sai ta kau da kai har wani ya ɗauke ni. Haka ake yi, kunyar ɗan fari ke nan, kuma ban taɓa kwana da tunanin ba ta sona ba. Dalili kuwa, tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, Iya, wadda ta shagwaɓa ni har na kusa lalacewa. Iya ce mai kiran sunana sau ɗari a wuni, ita ce mai rungumar, ita ce mai tare mini faɗa. Kuma Iya ce take raɗa mini, in ƙanwata ta kawo tsokar kaza a rufe, "Ci maza, uwarki ce ta aiko, kada ki nuna kin sani." Ashe al'adar kamar ƙwarya ce da murfinta. Uwa ta ja baya, kaka ta matso, yaro ba ya jin sanyi a tsakani.

Da Babanku ya kawo ni ƙasar nan ina 'yar yarinya, shi yana karatun injiniya, sai na ɗauko ƙwaryar na baro murfin a gida. Na haifi Yayarku a tsakiyar sanyi, a wani ɗan gida hawa na biyu, ba Iya, ba gwaggo, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta karɓe ta. Babanku ne ya dafa mini ruwan wankan jego a tukunyar miya. Duk abin da ake yi wa jariri na yi mata, ni na shayar, ni na yi jinya, ni na tsaya a kanta lokacin da ƙirjinta ya riƙa kamawa. Amma sunanta ban kira ba, ban kuma yi mata wasa a gaban kowa ba. Da aka haifi Sadiq, matan da muke haɗuwa da su a shagunan Wheaton suka fara ce mini Maman Sadiq, ni kuwa na karɓa da hannu biyu. Ban yi tunanin akwai mai saurare ba.

Tana da shekara tara ta same ni a kicin ina kwashe tuwo. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakar makaranta a bayanta, ta tambaye ni da Turancinta:

"Momi, kin san sunana kuwa?"

"Je ki wanke hannu," na ce, "abinci zai huce."

Ta tafi. Ba ta sake tambaya ba, ni kuma na ɗauka magana ta wuce.

Abin da bakina ya kasa, sai na riƙa yi ta hannun Babanku. Yayarku tana son kilishi tun haƙoranta ba su gama fitowa ba. Duk wanda zai dawo daga gida sai na roƙe shi ya taho mini da shi, in ba a samu ba in bi babbar hanyar Beltway da duk cunkosonta in je wurin wani mutumin Nijar da ke yin mai kyau. In naɗe, in miƙa wa Babanku, in ce ya sa mata a jaka, kada ya ce ni ce. Haka muka yi ranar da za ta sansanin hutu na makaranta, haka ranar da ta tafi jami'a, haka duk shekarun da take karatun likita ba ta samun barci. Safar sanyi, man zafi, addu'ar da na rubuta a 'yar takarda, duk ta hannunsa suka bi. Ita kuwa sai ta bugo waya ta ce, "Baba, na ga saƙo, kai ne kawai kake tunawa da ni." Ina gefe ina tsince shinkafa, ina ji.

Ba sau ɗaya ba ya yi mini magana.

"Binta, zuwa da kai ya fi saƙo fa. Yarinyar nan ba a Katsina ta tashi ba."

"Malam, ni ba a yi mini tarbiyyar rashin kunya ba. Za ta gane in ta girma."

"To, Allah ya sa ina nan lokacin da za ta gane."

Ba ya nan. Kun san yadda aka yi, ciwon kwana uku, a cikin sanyi, wata biyu bayan ya ajiye aiki. Tun kafin ya kwanta ya riga ya kama mana ɗaki a jirgin ruwan yawon buɗe ido da ke zuwa Alaska, ni da shi, don ya daɗe yana cewa yana so ya ga dutsen ƙanƙara da idonsa kafin ya mutu. Na fita takaba ban ma tuna da zancen ba. Sadiq ne ya tono takardun, ya ce a fasa. Sai Yayarku ta ce a'a, abin da Baba ya so a yi za a yi, ita za ta raka ni. A wannan zaman, a teburin cin abinci, ta kuma sanar da mu cewa ta karɓi aiki a wani asibiti a can yammacin ƙasar, za ta koma da zarar mun dawo. Amira ta ce don me, alhali ga aikinta mai kyau a nan. Yayarku ta amsa ba tare da ta dube ni ba:

"Wanda ya riƙe ni a garin nan ya tafi."

Na tashi na shiga kicin na buɗe famfo. A ranar na gane cewa ba miji kaɗai na binne ba, na binne ɗan aikena. Kuma na san halin 'yata, don halina ne: in ta tafi da wannan a ranta, za ta riƙa aiko da kati ranar Sallah, ta zo jana'izata a kan lokaci, shi ke nan.

Haka muka shiga jirgi, mu biyu a ɗaki ɗaya, kamar baƙin da aka haɗa a asibiti. Jirgi ne da ya fi unguwarmu mutane, abinci ba ya yankewa, tsofaffin Turawa sai kiran juna suke da sunayen zuma suna riƙe hannu. Ni da 'yata kuwa ladabi ya yi mana katanga. "Momi, kin sha maganinki?" "Na sha." "Alƙibla ta juya, yanzu nan take." "To, madalla." Ta kula da ni yadda take kula da marasa lafiyarta, ba abin da za ka ce ta rage. Ni kuma a ƙasan akwatina akwai yaji da na taho da shi don abincinsu ba ya da rai, akwai kuma ƙullin kilishi, wanda na saya saboda sabo, sai da na biya na tuna ba mai miƙa mata.

A rana ta huɗu jirgi ya tsaya a wani ƙaramin gari na masunta, gidajen katako masu launi-launi a jikin dutse, sama da su daji ne baƙi ƙirin, sama da dajin kuma farar ƙanƙara. Da safe aka ɗebe mu a ƙaramin jirgi zuwa kallon manyan kifayen nan da suke kira wel. Sanyi ya ratsa rigar ruwa da suwaita da zanen da na ƙi rabuwa da shi. Muka yi ta jira har na fara cewa an yaudare mu. Can sai ruwa ya tsage, wani baƙin baya ya taso, ya fi motar bas tsawo, ya fesa numfashi sama har muka ji ƙarninsa, ɗan ƙaraminsa na manne a gefensa. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar da ƙarfi ba. Na tuna Annabi Yunusa, na tuna Babanku da ya so ganin wannan, hawaye ya zubo mini. Yayarku ta miƙo mini hankici tana kallon wani wajen. A bisa itatuwan bakin gaɓa gaggafa ce jere masu fararen kawuna, sun yi zaman manya kamar an gayyace su ɗaurin aure.

Da rana aka shirya tattaki cikin daji zuwa wani rafi inda kifin salmon ke hawowa. Yayarku ta ce in zauna a jirgi saboda gwiwata. Na ce ƙafar da ta yi shekara talatin tana zirga-zirga a kantin magani ba za ta gaza a nan ba. Kafin mu fita, tana banɗaki, na ga jakar goyonta a kan gado. Hannuna ya riga tunanina. Na zaro kilishin, na ƙara masa leda, na cusa shi can ƙasa a ƙarƙashin rigar sanyinta. Na ce a raina in ta ji yunwa a hanya za ta gani.

Mu goma sha biyu ne, jagorarmu kuwa wata dattijuwa ce 'yar asalin wurin, gajeriya, mai furfura, da gwangwanin feshin barkono rataye a ƙugunta. A bakin daji ta tsayar da mu ta yi bayani. Ta ce nan gidan beyar ne, mu baƙi ne. Kada a rabu, kada a yi gudu ko me aka gani, a riƙa magana da ƙarfi don dabbar ta ji tahowarmu ta kauce. Sannan ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya ta ce, akwai mai ɗauke da abinci mai ƙamshi, nama ko kifi? A fito da shi a bari a mota, don hancin beyar ya fi na kare nesa ba kusa ba.

Ku ji da kyau, don nan ne kuke kuskure in kuna ba da labarin. Kukan ce Momi ba ta ji Turancin matar ba. Na ji sarai. Shekara arba'in ina ƙasar nan, wane Turanci ne zai wuce ni? Na ji, har na buɗe baki. Amma in na yi magana, dole in buɗe jakar 'yata a gabanta da gaban mutum goma in ce ni na sa mata. Sai na ce wa kaina ɗan kilishi ne, leda uku, wane hanci ne zai ji? Na ja bakina na yi shiru. Kunya na zaɓa a kan lafiyar 'yata, kuma na san abin da nake yi.

Daji ne irin wanda ban taɓa gani ba. Itatuwa sun miƙe har wuya ya gaji, komai kore, har duwatsu da kututture sun yi gashi kore mai laushi, ruwa na ɗiga ko ba a ruwan sama. Muna tafe a 'yar siririyar hanya, wani wuri taɓo, wani wuri an shimfiɗa katako. An ce a yi surutu, Turawa suka kama waƙa, ni kuwa na kama hailala da ƙarfi, na ce ko beyar ɗin ta san mai ita. Gwiwata ta fara magana tun a hawa na farko, na koma can baya tare da wani tsoho mai sanda biyu, jagorar ta dawo tana lallaɓa mu. Yayarku, da dogayen ƙafafun ubanta, tana gaba.

Muna karyo kwana sai ga rafin a ƙasa, yana ruri kamar injin niƙa. Kifi ya cika shi maƙil, jajaye, suna ta tsalle suna dukan duwatsu. Yayarku ta riga kowa sauka, ta wuce 'yar gadar katako, ta durƙusa a bakin ruwa da kyamara a ido, ta ba mu baya. Sai na ga ciyayin da ke bayanta suna motsi. Abin da ya fito beyar ce, ta kai girman sa mai ƙiba, ruwan ƙasa, da tozo a kafaɗa. Ta tsaya, ta ɗaga hanci sama tana shaƙa, sannan ta juyo da kanta wajen jakar da ke bayan 'yata, ta fara takowa a hankali. Tsakaninsu bai fi tsawon falon nan sau biyu ba.

Mutane suka fara kira, wannan ya ce "Hey", wancan ya ce "Miss". Ƙarar ruwa ta haɗiye duka. Jagorar ta saki tsohon ta nufi gada da sauri, amma da sauran tafiya. Na ce "Ke!" Na sake cewa "Ke!" da duk ƙarfina. Ba ta juyo ba. Me zai sa ta juyo? Kowa ma ke ne. Ban san daga inda muryar ta fito ba, na dai ji ta tsaga mini maƙogwaro:

"Halima! Halimatu!"

Ta juyo kamar an fizge ta. Ba beyar ta fara gani ba, ni ta kalla, daga can ƙetaren rafi, bakinta a buɗe. Sai da na nuna da hannu sannan ta waiga. Allah ya taimake ta ba ta yi gudu ba. Ta miƙe a hankali, jagorar ta isa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita, gwangwani a hannu, tana yi wa dabbar magana cikin natsuwa kamar mai lallashin maƙwabci. Suka riƙa ja da baya taku ɗaya-ɗaya har suka hau gada, muka dunƙule wuri guda. Beyar ta bi su taku uku ko huɗu, ta tsaya, ta yi wani huci, sannan ta ga kifi ya fi mu sauƙi, ta faɗa ruwa. Ni kuwa na zauna daɓas a cikin taɓo.

Tun kafin a tambaye ni na faɗa. Na ce akwai nama a jakarta, ni na sa, na kuma ji gargaɗin na yi shiru. Jagorar ta zaro ƙullin, ta buɗe, ƙamshin ƙuli-ƙuli da citta ya bugi kowa. Ba ta ɗaga murya ba, amma ta wanke ni tas. Ta ce wataƙila kifi ne ya kawo dabbar, wataƙila wannan ne, ba wanda zai sani, amma da ta samu ta ci, da ta koyi bin mutane, ƙarshenta a harbe ta, kuma laifin nawa ne. Ta ce tafiya ta ƙare, kowa ya juya. Mutum goma suka rasa rabin yawonsu saboda ni. Kunyar da na guje wa a bakin daji ta same ni ninki goma, ga taɓo har ƙugu. Gaskiya ta faɗa, kuma har gobe ina yi wa matar nan addu'a.

Da muka koma gari, sauran suka shiga shaguna, mu kuwa muka zauna a wani benci a bakin tashar jirage. Yayarku ta juyo ta dube ni. Sannan ta yi magana, da Hausa, Hausarta mai ɗingishi da ta daina yi da ni tun tana sakandare.

"Momi, Baba ya rasu. Wa ya sa kilishi?"

"Ni ce."

"Na jami'a fa? Da safa? Da takardar addu'a?"

"Babanki bai san inda ake sayar da safa ba," na ce.

Ta yi wata dariya da ta rikiɗe ta zama kuka. Na ba ta labarin Innata da Iya da tsokar kaza, abin da ya kamata in gaya mata tun ranar da ta tsaya a ƙofar kicin. Na ce mata ban ƙi ta ba ko na minti ɗaya, ita ce ta buɗe mini ido a duniya, abin da ya fi girma ne a wurinmu ba a iya kama sunansa. Na ce amma na yi kuskure, don na ja baya a inda babu mai matsowa, na bar ta a tsaye ita kaɗai shekara talatin da takwas. Na roƙe ta gafara. Ban taɓa jin uwa ta roƙi 'yar fari gafara a garinmu ba, kuma na san da Innata za ta gani da ta rufe fuska.

"Sake faɗa," ta ce.

"Me?"

"Sunan. Ɗazu ruwa yana ƙara, ban ji da kyau ba."

Ƙarya take, ta ji. Na duba hagu da dama, ba kowa sai tsuntsayen teku, na faɗa a hankali. Ta kwantar da kanta a kafaɗata, likita guda, a kan rigar ruwa mai taɓo, muka zauna a haka har jirgi ya yi ƙugin kira.

Ta tafi yammacin, don ta riga ta ba da kalmarta, kuma ni na ce ta je. Amma ba irin tafiyar da ta shirya ba ce. Shekara biyu ta yi ta dawo, ga ta nan a garin Clinton, minti kaɗan a mota. Ina gode wa Allah da ya bar mini ita, ina gode wa Babanku da ya yi mini aike shekara da shekaru bai taɓa tona ni ba, ya kuma kama mana ɗakin nan kamar ya san wa zai kwana a gadonsa. Har beyar ɗin ina gode mata, duk inda take. Sadiq, na ga matarka ta fara kau da kai daga ɗanku na fari in ina wurin. Ka gaya mata na gode da kara, amma ta bari. In tana so ta ja baya, to ta kawo mini shi tukuna, ina nan da raina.

Kada ku ɗauka na warke. A gabanku har yau "Yayarku" nake cewa, harshe ya riga ya ƙage. Amma kullum da safe, kafin ta shiga asibiti, wayata takan yi ƙara. In na ɗauka ta yi sallama, na amsa, sai ta yi shiru. Ba ta tambayar gwiwa, ba ta tambayar magani, jira take. Ni kuma, tsohuwa da furfura da jikoki biyar, sai in tashi in tura ƙofar ɗaki, ko da ba kowa a gidan, in ce, "Halima, kin tashi lafiya?"